Jel Ɗinmu a Ƙarƙashin Dutsen Awara

Shekarar da nake ajin burebe, ajin ƙarshe a kolejin Cadawa, aka kawo mana sabon malamin kimiyya, wani siririn saurayi ɗan Gidan Rumji, mai sauri kamar kullum ana jiransa a wani wuri. Mushe kawai muke ce masa, yadda ake kiran malamai maza a makarantar boko. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji, ko kwalba ɗaya ta kirki ba mu da ita. Shi kuwa ya shigo mana wata rana da jaka cike da wayoyi da robobi, ya ce a cikinta akwai abin da zai kai mu gasar kimiyya ta makarantu a Agye, kuma yana son mutum uku. Bai rufe baki ba na ɗaga hannu, don a lokacin ba a yin abu a ajinmu ban tsoma baki ba. Sauran biyun su ne ƙawata 'yar mai kanti, da wata yarinya mai shiru-shiru da ke zuwa daga ƙauye, wadda ta fi mu duka kai amma ba ta taɓa faɗa ba.

Tambayar da za mu amsa ta cikin gari ce. Sobon da ake ƙullawa a leda ana sayarwa a bakin makaranta da tasha, jan nan nasa na sobo ne zalla, ko an ƙara masa kalar kanti? Sunan aikin elektoroforez, kalmar da sai da muka yi mako guda kafin harshenmu ya yarda da ita. Yin sa bai kai faɗarsa wuya ba. Akwai wani farin gari, agar, da wani abokin Mushe ya ɗebo masa daga Maradi a ƙaramar kwalba. Ana dafa shi da ruwa da ɗan bikarbonat, wani gari dangin kanwa, a zuba a robar sabulu, a tsayar da wani ɗan mataji da muka yanka daga tsohuwar roba a gefe ɗaya. In ya huce sai ya daskare ya zama jel, abu mai santsi mai rawa kamar kokon da ya kwana. A cire matajin, ya bar ramuka a jere, a ɗiga sobo a kowane rami, a sa waya a kai da ƙafa, a haɗa su da pil biyar, wato batur. Daga nan sai zaman jira.

Ranar farko mun zuba wa robar nan ido har wuyanmu ya ƙage. Can sai yarinyar mai shiru-shiru ta nuna da yatsa. Kala ta fara tafiya. Sobon da muka dafa da kanmu ya tsaya a bakin raminsa, ya rikiɗe ya koma wani dishi-dishi mai ɗan kore. Amma daga wasu ramukan sai ga ja jawur ya fito yana gaba, a hankali, layi-layi, har ya kai tsakiyar roba. Ni dai na yi tsalle na buga cinya da tebur. Cikin masu sobo biyar da muka saya wurinsu, uku sun sa kala. Mushe ya hana mu rubuta sunan kowa, ya ce lamba kawai za mu sa, don yana so ya ci gaba da bin titin garin lafiya. Daga baya muka gane lamba huɗu, ɗaya daga cikin masu kalar, ta gwaggon yarinyar mai shiru-shiru ce.

Matsalar ita ce abin ba ya zama. Alƙalan gasar sun ce ba su karɓar hoto, abin da aka yi da hannu suke so su gani, kuma lokacin da ake ba kowace makaranta bai isa a yi gwajin a gabansu ba. Dole mu yi a Cadawa mu kai Agye yana nan yadda yake. Jel na farko mun bar shi a kabat ɗin Mushe, da safe muka tarar kalar ta bazu ta haɗe, ba layi ba alamar layi. Na biyu 'yar mai kanti ta kai firigon babanta, wato firij, aka tura shi can kusa da ƙanƙara, ya daskare, da ya narke sai ya koma kamar soso, ruwa ya tafi da jan gaba ɗaya.

Na uku nawa ne, kuma ina jin kunyarsa har yanzu. Na tsaya a gaban aji na ce wannan ai ba abin wahala ba ne, yadda ake shanya tumatir haka za a yi masa, in bai yi ba a canza mini suna. Na ɗora shi a kan kwanon rufin ajinmu da tsakar rana. Da aka tashi na hau benci na leƙa, na tarar ya tsuke, ya tsage gida uku, ya nannaɗe gefe kamar fatar da aka manta a rana. 'Yan aji suka yi mako guda suna ba ni sababbin sunaye.

Garin da ya rage a kwalba na jel ɗaya ne. Aka yanke shawarar a yi shi ranar Juma'a da yamma, a naɗe a leda, a ajiye a wuri mai sanyi, a yi fatan wani abu ya rage kafin safiyar Asabar. Wa zai kwana da shi? Gidan 'yar mai kanti cike yake da ƙanne masu taɓe-taɓe, ita kuwa ɗayar sai ta yi tafiyar amalanke kafin ta kai gida. Ɗakin da Mushe ke haya kwano ne, zafinsa kamar tanda. Gidanmu kuwa yana bayan tasha inda za mu hau mota, kuma muna da rumfa mai randuna. Mushe ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo mini robar.

Ya ce, "Wanga shi kaɗai ya rage muna. In ya ɓaci hannunki, sai in hidda sunanki ga takarda, su biyu su tai."

Takardar da yake nufi wata babba ce da za a kafa a bayan teburinmu a Agye. Ya rubuta kan aikin da manyan baƙaƙe, ƙasa kuma sunansa, sai namu uku. Nawa ne na biyu daga sama, don ni ce babba a shekaru. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin sunana da girma haka ba, kuma ina son sa a wurin fiye da yadda zan iya faɗa wa kowa. Na ɗauki robar da hannu biyu na tafi gida ina taku ɗaya-ɗaya, mutane suna tambayata ko lafiya.

Innata awara take yi, a tasha take sayarwa. Tun ina goye nake cikin warin waken suya da ruwan tsami. Ta jiƙa, a kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta zuba tsami, in awarar ta tashi ta kwashe a ƙyalle ta ɗaure ta aza dutse har ruwan ya tsiyaye, sannan a yanka a soya. A makaranta 'yar mai awara ake ce mini in ana so a tsokane ni, kuma ana yawan so. A shekarun nan ina ganin na fi ƙarfin sana'ar, ko da yake ban fi ƙarfin cin ta ba.

Na same ta a rumfa tana kwashe ta yamma. Na share yashi mai laima a gindin randa, na ajiye robar, na yi mata jawabi mai tsawo. Na ce wannan kimiyya ce, ba a taɓawa, ba a matsarwa, ba a buɗewa, gobe manyan mutane za su duba shi a Agye. Ta saurare ni tana goge hannu, ta tambaya ko ana ci. Na ce ba a ci. Ta duƙa ta ɗan danna shi da yatsa ta kan ledar, ta ga ruwa ya taru a gefe, ta ce abin yana zubar da ruwa. Na ce haka yake, ta bar shi kawai. Ta ce to, sannan ta ɗora mini bokitin waken gobe a ka ta ce in kai niƙa.

Layi ya yi tsawo a wurin injin, don ana shirin wani suna a unguwa kuma kowa ya kawo gero. Sai dab da magariba na dawo. Na sauke bokiti na nufi gindin randa. Robar tana nan, an wanke ta fes an kife a kan turmi, ledar kuma an shanya ta a igiya.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Inna ta nuna mini lungun da take danne awara. Kusa da babban ƙullin akwai wani ƙaramin naɗi na farin ƙyalle a kan katako, an rufe shi da wani katakon, an aza masa ɗan dutsen niƙa. Jel ɗinmu na ƙarshe yana ciki. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, kuma na faɗi maganganun da bai kamata ɗiya ta faɗa ba. Na ce ita komai ta gani awara ne, na ce ba ta san boko ba ta bar wa waɗanda suka sani, na ce ta jawo an cire sunana. Maƙwabciyarmu har ta leƙo ta katanga.

Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke, ɗiyar nan, yi mani a hankali. Abin da ke zubda ruwa haka ba ya kai sahe. Ruwan nan da ke hita, shi ke tahiya da kalar taku. In ana so abu ya zamna, sai a raba shi da ruwa nai tun da wuri."

Na ce ai ta murƙushe shi.

Ta ce, "Na taɓa shi na ji ba ya da ƙwari, shi ya sa ban aza mishi babban dutse ba. Kuma kada ki ɗaga. Wanda ya ɗaga kahin lokaci shi ke ɓata awara."

Ashe sabon ƙyallen tacewa ta sa, wanda ba ta taɓa amfani da shi ba, ta ninka shi huɗu a ƙasa huɗu a sama, ta lulluɓe da tsofaffin tsummoki don su sha ruwan. Sau biyu ina kallo ta zo ta zare tsummokin waje da suka jiƙe ta sa busassu, ba tare da ta motsa na cikin ba. Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da ni ina shessheƙa, aka yi masa bayani, ya ce shi tsakanin boko da awara ba ya shiga, ya nemi tuwonsa. Ni na yi fushi da tuwo, amma da Inna ta shiga ɗaki na ci awara huɗu a tsaye.

Da aka yi sallar asuba gari ya fara haske, ta kira ni. Ita ta ɗaga dutsen, ita ta cire katakon, ta ɓare ninkin ƙyallen ɗaya bayan ɗaya da bakin yatsu, ni ina tsaye na kama ƙugu ina jiran in ga gawa. Jel ɗin ya koma siriri kamar ganyen albasa, ya manne da ƙyallen, bai tsage ba ko kaɗan. Kalar kuwa ta sauka a kan zaren ta zauna. Ga ramuka shida a jere, ga dishi-dishin sobon gaskiya a bakin uku, ga layuka ja guda uku sun yi gaba, kowanne a inda muka bar shi jiya. Har ninki na biyu da na uku sun ɗauki hoton, sai dai sun fi haske. Na taɓa shi na ji ya kusa bushewa. Inna ta ce in riƙe shi a inuwa iska ta ƙarasa, kada in kai shi rana, ta kalle ni ta gefen ido da ta faɗi haka, don labarin kwanon aji ya riga ya zo mata.

Daɗi ya kama ni. Abin da ya kamata in ce na san shi, amma bakina ya yi nauyi. Na ce mata, to, ya yi. Ta ce ta sani, ta koma kan kaskonta.

A tasha Mushe ya ga na zo ba roba, sai naɗin ƙyalle a cikin kaye, littafina na rubutu. Fuskarsa ta canza, 'yar mai kanti ta dafe ƙirji. Na buɗe a kan sirdin wani moto, wato babur. Ya duƙa ya duba, sannan ya kwashe da dariya har direban motar ya zo ya leƙa. Ya ce a manyan ɗakunan gwaji ma haka ake yi, a shimfiɗa takarda ta musamman a danne da nauyi, shi dai bai taɓa tunanin ƙyalle zai yi ba. Yarinyar mai shiru-shiru ce ta lura cewa hoton a juye yake, lamba ɗaya ta koma dama, sai Mushe ya zaro bik, wato biro, ya rubuta lambobin a bakin ƙyallen kada mu ɗora wa mai gaskiya laifi. Ya tambaye ni wa ya nuna mini wannan dabara. Na ce a gida muka yi. Kalmar muka ta fito da sauƙi, kuma ba wanda ya sake tambaya.

A Agye mun tarar da makarantu da yawa. Wasu sun zo da murhun da ke dafa abinci da zafin rana, wasu da tulun tace ruwa mai yashi da gawayi. Mu muka kafa takardarmu, muka shimfiɗa ƙyallenmu, muka jera robar sabulu da pil da mataji a gefe. Alƙalai uku ne, ɗaya mace mai tabarau. Ta ɗaga ƙyallen ta duba a haske, ta kai hanci, ta ce wannan kimiyya tana warin awara. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, ina jin kunnuwana suna zafi. Sannan na yi bayani da faransanci, yadda ruwa ke jan kala, yadda ake ninka ƙyalle, dalilin da ya sa ƙaramin dutse ya fi babba, dalilin da ya sa ba a ɗagawa kafin lokaci. Maganar Inna ce kaf na juya, kuma ta yi kyau a bakina. Muka zo na biyu, masu murhun rana suka zo na ɗaya. A hanyar dawowa mun yi waƙa har muryarmu ta dushe, Mushe ya saya mana rake.

Ranar Litinin aka kafa ƙyallen a bangon ajinmu da ƙusoshi huɗu, takardar a samansa. 'Yan aji suka daina ba ni sababbin sunaye, 'yan wasu azuzuwa suna zuwa kallo. Masu sobo biyu suka daina gaishe da Mushe, ko da yake ba wanda ya faɗi sunansu.

Bayan kwana kamar goma Inna ta tambaye ni ƙyallenta, ta ce tsohon ya fara ɓulewa. Na ce yana bango, an buga masa ƙusa. Ta ce sabon ƙyalle ne za a buga wa ƙusa, to sai ta je ta gani. Na ɗauka faɗa kawai take yi.

Washegari ana hutun ƙarfe goma sai ga ta a ƙofar ajinmu, da tiren awara a ka da mayafinta na zuwa biki. Ba ta taɓa shiga makarantar ba sai ranar. Ta sauke tiren a baranda, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar za ta shiga ɗakin surukai, na ce ba a cirewa, ta ce ita ta riga ta cire. Ajin ba kowa sai ni da yarinyar mai shiru-shiru. Inna ta tsaya gaban ƙyallen ta duba shi sama da ƙasa, ta shafa gefensa, ta ce bai zuba ba, ta yi murmushi irin na wanda aikinsa ya yi kyau. Sannan ta ɗaga kai ta ga takardar, ta ce in karanta mata.

Na fassara mata kan aikin. Na karanta sunan Mushe, ta ce Allah ya yi masa albarka. Na karanta nawa, na karanta na ƙawayena biyu. Nan rubutun ya ƙare. Ita kuwa tana nan ta ɗaga kai, hannunta a kan ƙyallen, tana jira. Ba fushi a fuskarta, ba komai, jira kawai take yi a zo kan nata. Kunya ta rufe ni tun daga ka har ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba ko ranar kwanon aji. Na buɗe baki na faɗi sunanta, da na mahaifinta, kamar ina karantawa.

Ta ce, "Wanne ne?"

Na ɗaga hannu na ɗora yatsa a kan nawa.

Ta matso ta daɗe tana kallonsa. Ta bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ta ce, "Ashe haka yake. Yana da tsawo." Yarinyar mai shiru-shiru ta sunkuyar da kai cikin littafinta. Inna ta ce mu riƙe ƙyallen ta bar mana, ta fita ta ƙulla awara a takarda da yaji ta ce a ba Mushe, tunda shi ya rubuta da hannunsa. Ta sa takalmi ta ɗauki tirenta ta tafi.

Kafin mako ya zagayo duk tasha an san sunan mai awara yana bangon lakol, kamar yadda suke kiran makarantarmu. Maƙwabciyarmu ta ce ba ta yarda ba sai ta gani, Inna kuwa ta jawo ta har ajin, wannan karon ba ta nemi in karanta mata ba. Ina zaune a bencina ina kallo ta wuce gaba, ta ɗaga hannu, ta nuna wa matar da kanta. Ba ta yi kuskure ba, na biyu daga sama ta nuna.